Me Ke Sa Fim Ɗin Fashi Ya Yi Fice? Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da masu kallo kan yi game da fina-finan da ake shirya gagarumar sata a cikinsu, irin fasa banki, ko kantin lu'ulu'u, ko gidan caca, ko tare jirgin ƙasa mai ɗauke da kuɗi. A sani tun yanzu, bayanin ba zai yiwu ba sai an faɗi ƙarshen wasu fina-finan, galibinsu tsofaffi.

Duk fim ɗin da aka yi sata a cikinsa ya shiga wannan rukuni?

A'a. Idan kyamara tana bin 'yan sanda ne suna neman wanda ya yi aika-aika, wannan fim ɗin bincike ne. A fim ɗin da muke magana, kyamara tana zaune ne a ɗakin ɓarayin. Da mu ake haɗa mutane, da mu ake zana taswira, da mu ake shiga, da mu kuma ake zaman rabo. Labarin kan kasu uku: shiri, aiki, da abin da ya biyo bayan aiki.

Sata a fim ta daɗe. Tun 1903 aka yi The Great Train Robbery a Amurka, fim marar sauti mai tsawon kamar minti 12. Amma tsarin da muka sani a yau, na mai tsarawa ya fito daga kurkuku ya tara ƙwararru kowa da fanninsa, ya kafu ne da The Asphalt Jungle na darakta John Huston a 1950. Kusan duk waɗanda suka biyo baya a kan wannan turba suka ɗora, ko dai su bi ta ko su karkata daga gare ta da gangan.

Idan abu ɗaya za a zaɓa, mene ne ke raba mai kyau da na yayi?

Inda ɓarakar ta fito. Kowane fim ɗin fashi dole wani abu ya lalace a cikinsa, in ba haka ba babu labari. A fim mai rauni, abin da ke lalata shiri tsautsayi ne kawai: mota ta ƙi tashi, ko wani ɗan sanda ya biyo ta layin ba dalili. A fim mai ƙarfi, ɓarakar tana fitowa ne daga halin ɗaya daga cikin mutanen, halin da aka riga aka nuna mana tun farko muka gani muka wuce.

A duba Rififi, fim ɗin Faransa na 1955. Mutum huɗu sun fasa wani babban kantin lu'ulu'u a Paris, sun fita ba a kama su ba. Ƙararrawa ba ta kaɗa ba, akwatin ƙarfe ya buɗe, komai ya tafi daidai. Sai dai gwanin buɗe akwatin, mutumin Milan mai son mata, ya saci zobe ɗaya a ɓoye bai gaya wa abokansa ba, ya kai wa wata mawaƙiyar gidan rawa. Mai gidan rawar ya ga zoben ya gane daga inda ya fito. Daga wannan zobe ɗaya aka sace yaron ɗaya daga cikinsu, kuma dukkan su huɗun suka rasa rayukansu.

A The Killing na Stanley Kubrick, 1956, shirin kwashe dala miliyan 2 daga filin sukuwa ya tsaru tsaf. Amma mai karɓar kuɗin caca da ke cikin tawagar yana neman matarsa ta daina raina shi, sai ya tsegunta mata cewa kuɗi na nan tafe. Ita kuma ta kai wa saurayinta.

A Heat na Michael Mann, 1995, shugaban tawagar yana da ƙa'idar da yake taƙama da ita, cewa kada ka riƙe wani abu a rayuwa da ba za ka iya juya masa baya nan take ba in ka ji 'yan sanda sun matso. A ƙarshe yana kan hanyar filin jirgi, ya tsira, budurwarsa na gefensa, sai zuciya ta ɗebe shi ya karkata mota zuwa otal don ya kashe wanda ya ci amanarsu. Wannan karkatawar ce ta kai shi ga ajali.

Kwaɗayi, neman a yaba, ramuwar gayya. A duk ukun makulli bai gagara ba, mutum ne ya gagara. Shi ya sa nake ganin fim ɗin fashi na gaske labarin amana ne tsakanin mutanen da sana'arsu cin amana ce, kuma darakta da bai fahimci haka ba, ko motoci nawa ya ƙona, fim ɗinsa ba zai kwana a ran kowa ba.

Me ya sa ake ɓata lokaci wajen nuna shiri? Ba a fi son a shiga aiki kai tsaye ba?

Lokacin ba ɓatacce ba ne. Fargabar mai kallo ba ta tashi sai ya san abin da ya kamata ya faru. Idan an gaya maka mai gadi yana zagayowa duk bayan minti goma sha biyar, kuma ka ga minti goma sha uku sun wuce ba a gama huda bango ba, kai da kanka za ka fara duba agogo. Idan ba a gaya maka ba, mutane kawai kake kallo suna fasa bango. Shahararren darakta Alfred Hitchcock ya yi wannan bayani da misalin bam a ƙarƙashin tebur: in ya tashi ba zato, an firgita mai kallo na 'yan daƙiƙu, in kuwa an nuna masa bam ɗin tun da farko, duk hirar da ake yi a kan teburin ta zama abin tashin hankali.

Haka ma wurin. Dole mai kallo ya san ina ƙofa take, ina matakala, ina motar guduwa ta tsaya, kuma tafiyar minti nawa ce tsakaninsu. Yawancin fina-finan zamani a nan suke faɗuwa. Ana yanka hoto da sauri har ba ka san wane ne a hawa na biyu ba, wane ne a ƙasa.

Akwai wata al'ada da marubuta suka daɗe suna bi, kuma in ka lura da ita za ka riƙa hango inda fim ya dosa. Shirin da aka bayyana maka dalla-dalla, to zai lalace. Shirin da aka ɓoye maka, shi ne zai yi nasara. Dalilin a fili yake: ba wanda zai zauna ya kalli abu ɗaya sau biyu, sau ɗaya a baki sau ɗaya a aikace.

Ana yawan ambaton rabin awa na shiru a Rififi. Me ke cikinsa?

Kusan minti talatin ne babu magana ko kalma ɗaya, babu kiɗa. Mutanen huɗu sun shiga gidan da ke saman kantin, sun ɗaure mai gadi da matarsa, suka naɗe darduma suka fara sassaƙe daɓe. Ƙararrawar kantin irin wadda girgiza kaɗan ke tayar da ita ce, don haka gudumar ma an naɗe mata kai don kada ta yi ƙara. Da ramin ya kai girman da hannu zai shiga, sai suka zura laima a rufe, suka buɗe ta daga ƙasa, ta yadda duk ɓarɓashin da ya zubo zai faɗa cikinta maimakon ya bugi ƙasan kantin. Gwanin buɗe akwati ya cire takalminsa ya sa na masu rawa mai laushi. Ƙararrawar kuwa, kumfar tukunyar kashe gobara suka ɗura mata har ta kasa kuka. Akwatin ƙarfen ba ta ƙofa suka bi masa ba, kwantar da shi suka yi suka huda bayansa, inda ƙarfen ya fi rauni.

A tsakiyar wannan shiru, ɗayansu ya taɓa madannin fiyano bisa kuskure. Sauti ɗaya tak, amma sai ka ji gabanka ya faɗi.

Abin da ya sa wannan fitowa take aiki har yau shi ne ana girmama mai kallo. Ba wanda ya juyo ya yi maka bayanin amfanin laima. Kai ne za ka gani ka gane, kuma daɗin ganewar ya fi daɗin a gaya maka. Ana kuma nuna aikin a matsayin aiki: gumi, ciwon baya, haƙuri, miƙa wa juna kayan aiki ba tare da an tambaya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa yana kallon ƙwararren maƙeri ko bakanike yana aikinsa ya san irin wannan sha'awa.

Daraktan, Jules Dassin, Ba'amurke ne da aka hana shi aiki a Hollywood a zamanin farautar waɗanda ake zargi da kwaminisanci, bayan wasu abokan sana'arsa sun ambaci sunansa. Ya koma Faransa ya yi wannan fim da kuɗi kaɗan, ya ci kyautar darakta a bikin Cannes na 1955. Shi da kansa ya fito a matsayin gwanin buɗe akwatin, wanda daga baya aka matsa masa ya tona asirin abokansa. Mutumin da aka tona shi ne ya zaɓi ya taka rawar mai tonawa.

Su wa ya kamata a samu a tawaga?

An saba ganin mai tsarawa, mai buɗe akwati, direba, mai ƙarfi, mai zuba kuɗin aiki, yanzu kuma an ƙara gwanin kwamfuta. Yawansu ba shi ne abin dubawa ba. Abin dubawa shi ne kowannensu yana da aikin da in babu shi shirin ya rushe, kuma yana da dalilinsa na kansa na shiga. Idan za ka iya cire mutum daga labari ba abin da ya sauya, to kujera kawai ya cike.

Wanda ya fi kowa muhimmanci shi ne ɗan ciki, domin da ɗan gari akan ci gari. Shi ne kuma ya fi kowa rauni, saboda ba ɓarawo ba ne, ma'aikaci ne da bashi ko haushi ya tura, kuma shi 'yan sanda za su fara kira washegari. A Aankhen, fim ɗin Indiya na 2002, Amitabh Bachchan ya fito a matsayin manajan banki da aka kora, wanda ya sa aka horar da makafi uku su yi wa bankin fashi, bisa lissafin cewa ba wanda zai zargi makaho. Duk sirrin ginin a kansa yake, duk haɗarin kuma daga zafin zuciyarsa yake fitowa.

Me ya sa mai kallo ke goyon bayan ɓarayi alhali ya san sata haramun ce?

Saboda marubuta suna zaɓar wanda za a yi wa satar da kulawa sosai. Ba za ka ga an shirya fim a kan kwashe jarin mai ƙosai ba. Gidan caca ake yi wa, ko kamfanin inshora, ko attajirin da dukiyarsa ke da datti. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. A Inside Man na Spike Lee, 2006, abin da aka shiga banki nema yana cikin wani akwatin ajiya na mai bankin, wanda ya tara arzikinsa ta hanyar haɗa kai da 'yan Nazi a yaƙin duniya na biyu. A Hell or High Water, 2016, wa da ƙani ne suke bin rassan bankin da ke shirin ƙwace gonar mahaifiyarsu a Texas, suna sace kuɗinsa don su biya shi bashinsa.

Sannan akwai tsohuwar sha'awar ɗan Adam ga ƙarami mai wayo da ya kayar da babba mai ƙarfi. Wanda ya tashi yana jin yadda Gizo ke yi wa zaki da giwa dabara bai buƙatar a yi masa bayanin wannan. Amma a tuna, a tatsuniya ma sau da yawa haɗamar Gizo ce ke kama shi, kuma ba a taɓa ce wa yaro ya zama Gizo ba.

Dole sai an yi harbe-harbe?

Ba dole. A Rififi shugaban ya hana a ɗauki bindiga zuwa wurin aikin. A Ocean's Eleven na 2001 an kwashe sama da dala miliyan 150 na gidajen caca uku a Las Vegas ba a kashe kowa ba.

In kuma za a yi harbin, to ya zama yana da nauyi. Musayar wutar da aka yi a tsakiyar birnin Los Angeles a Heat ta yi suna ne saboda an bar ainihin sautin bindigogin da aka naɗa a wurin, yana dukan dogayen gine-gine yana dawowa, ba a maye shi da sautin situdiyo ba. Ba daɗi kake ji ba, tsoro kake ji. Kuma an nuna mutanen gari suna kwanciya a bayan motoci da kayan cefanensu a hannu.

Abin da ake sacewa yana da muhimmanci, ko kowane abu ma ya yi?

Yana da shi, kuma ga inda ake gane marubucin da ya yi bincike. Kuɗi suna da nauyi. Kowace takardar dala, ko ta nawa ce, giram ɗaya take. Dala miliyan ɗaya a 'yan ɗari-ɗari takarda 10,000 ce, kilo 10 ke nan. In a 'yan ashirin-ashirin ne, kilo 50, nauyin buhun siminti. Sandar zinare irin wadda manyan bankuna ke ajiyewa ta haura kilo 12. Saboda haka idan ka ga jarumi ya cika jaka da sandunan zinare ya rataya yana gudu, ka san ba a yi lissafi ba. A kuɗinmu abin ya fi haka: naira biliyan ɗaya a 'yan dubu-dubu takarda miliyan ɗaya ce, wajen tan guda.

Widows na Steve McQueen, 2018, ya ɗauki wannan da gaske. Matan da mazajensu suka mutu a wurin fashi suka bar musu bashi, sun cika robobi da ƙasa daidai nauyin kuɗin da za su ɗauka, suka zuba a jakunkuna suna gwada gudu da su. A zahiri ma haka ne. Waɗanda suka haƙa rami mai tsawon kusan mita 80 zuwa taskar babban bankin Brazil a Fortaleza a watan Agustan 2005 sun kama haya ne da sunan kamfanin shuka ciyawa, don kada fitar da ƙasa ta ja hankalin maƙwabta, kuma kuɗin da suka janyo ta ramin sun kai tan uku da rabi.

Lu'ulu'u da zane-zane ba su da nauyi, amma suna da wata matsalar: wa zai saya? Mai sayen kayan sata ya san kana cikin matsi, don haka abin da ya ga dama zai ba ka. A ranar 18 ga Maris 1990 wasu mutum biyu sanye da kayan 'yan sanda suka shiga gidan tarihi na Isabella Stewart Gardner a Boston, suka fita da kayan fasaha 13 da aka ƙiyasta a dala miliyan 500. Zanen da duniya ta sani ba ya shiga kasuwa. Gidan tarihin ya bar firam ɗin, wato katakon da ke zagaye zanen, a rataye babu komai a ciki.

Juyin ƙarshe, inda ake nuna cewa ashe duk shiri ne, gwaninta ce ko yaudara?

Ya danganta da ko an ba ka dama ka gano da kanka. A Inside Man an nuna maka ana haƙa rami a ɗakin ajiyar kaya, an nuna ana shigo da kayan aiki, shugaban ma ya faɗa wa ɗan sanda cewa ta ƙofar gaba zai fita. Da aka bayyana cewa bangon ƙarya suka gina ya ɓuya a bayansa har mako guda, sai ka ga duk alamun suna gabanka. Wannan gwaninta ce. Amma idan a minti biyar na ƙarshe aka fito da wani mutum ko wata na'ura da ba a taɓa nunawa ba, aka ce ai da ma mun shirya, to an cuci mai kallo. Hanyar gwaji mai sauƙi ce: sake kallon fim ɗin. Mai gaskiya ya fi daɗi a karo na biyu.

Dole ne a kama ɓarayin a ƙarshe?

Da can dole ne, a Amurka dai. Dokar tace fina-finai da aka fi sani da sunan Hays, wadda aka fara tsananta aiki da ita a 1934 har zuwa 1968, ta hana a nuna laifi ta yadda mai kallo zai tausaya masa, ta kuma hana a bayyana hanyar fasa akwatin ƙarfe ko yin fashi dalla-dalla. Wannan ya tilasta wa marubuta neman hanyoyin raba ɓarawo da ganimarsa. A Ocean's 11 na asali, 1960, sun ɓoye kuɗin a akwatin gawar abokinsu, sai aka ƙone gawar tare da kuɗin suna zaune a wurin jana'iza. A The Killing tsohuwar akwatin da aka saya cikin gaggawa ta faɗo daga motar kaya a filin jirgi, farfelar jirgi ta watsa kuɗin. The Italian Job na Ingila, 1969, ya ƙare ne da bas a rataye a bakin dutse, zinare a gefe ɗaya, mutane a ɗaya gefen, ba a faɗi yadda ta kaya ba.

Yanzu ana barin su su tsira. Ban ga laifin hakan ba a fim ɗin nishaɗi, amma waɗanda suka fi daɗewa a zuciya su ne waɗanda aka biya farashi a cikinsu, ko an tsira da kuɗin ko ba a tsira ba.

Fashin gaske yana kama da na fim?

Wajen shiga, wani lokacin ya fi na fim ban mamaki. Wajen fita, kusan kullum ƙaramin sakaci ne ke tona asiri. A fashin jirgin ƙasa na Ingila, 8 ga Agusta 1963, an kwashe fam miliyan 2.6, amma aka bar zanen yatsu a gonar da aka ɓuya, har a kan allon wasan Monopoly da suka buga. Da yawansu shekara 30 aka yanke musu. A Antwerp ta Beljiyam, Fabrairun 2003, an ratsa matakan tsaro kusan goma aka kwashe lu'ulu'u da zinare na sama da dala miliyan 100, sai aka watsar da shara a wani daji, mai kula da wurin ya gani ya kira 'yan sanda. Cikin sharar akwai guntun burodi da nama da aka ci aka rage. A Hatton Garden ta Landan, lokacin hutun Ista na 2015, dattawa ne, babbansu yana da shekara 76, suka huda bangon kankare mai kaurin rabin mita na wata taskar ajiyar kayan daraja. Ɗayansu ya zo da motarsa ta kansa, kyamarorin titi suka ɗauke ta, 'yan sanda suka dasa na'urar naɗar magana suna jin su suna alfahari. A gidan tarihi na Louvre a Paris, 19 ga Oktoba 2025, an shiga da safe ta taga da motar ɗaga kaya, an fita cikin ƙasa da minti takwas da kayan ado na kimanin yuro miliyan 88, amma an yar da kambin sarauniya Eugénie a hanya, an kuma bar kayan da suka kai masu bincike ga kama mutane cikin kwanaki. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Irin waɗannan fina-finai ba sa koya wa matasa sata?

Tambaya ce ta gaskiya, kuma bai kamata a yi mata dariya ba. Dabarun da ake nunawa galibi ba sa aiki a waje, ko kuma suna buƙatar kayan aiki da ƙwarewar da mai kallo ba shi da su. Haɗarin da na fi gani shi ne a wanke fashi a nuna shi tsaf, da kwat da murmushi, kamar ba a taɓa kowa ba.

Ana taɓawa. Direban jirgin 1963, Jack Mills, an buge shi a ka, bai ƙara samun cikakkiyar lafiya ba har ya rasu a 1970. A ƙasarmu, ranar 5 ga Afrilu 2018, 'yan fashi suka afka wa bankuna da ofishin 'yan sanda a Offa ta jihar Kwara, suka kashe sama da mutum 30. Wanda ya rasa ɗan'uwa a irin wannan rana ba zai kalli fim ɗin fashi kamar yadda sauran mutane ke kallo ba, kuma yana da gaskiya. Shi ya sa nake girmama fim ɗin da ya tsaya ya nuna fuskar mai gadi da ta ma'aikaciyar banki. Dog Day Afternoon na 1975, wanda aka gina a kan wani fashin banki da ya faru a Brooklyn a 1972, yana cikin irinsu: ɗaya daga cikin ɓarayin ya tsorata ya gudu tun a farko, taskar ba ta da abin kirki don an riga an kwashe kuɗin ranar, sauran fim ɗin kuwa zafi ne da gumi da tsoro, ga waɗanda aka tsare da waɗanda suka tsare su.

Fina-finan Indiya da masu dogon zango fa?

Indiya tana da iri biyu. Akwai na ado, irin Dhoom 2 na 2006, inda satar ta zama dalilin nuna kwalliya da sauya kama da rawa. Akwai kuma na dabara, wanda Special 26 na 2013 ya fi wakilta. An samo shi daga abin da ya faru a Bombay ranar 19 ga Maris 1987, lokacin da wani mutum ya buga tallar ɗaukar ma'aikatan bincike a jarida, ya tara mutum sama da ashirin da suka ɗauka aikin gwamnati suka samu, ya kai su wani babban kantin gwal da sunan samame, ya tattara kaya ya fice ya bar su a tsaye. Babu bindiga, babu huda bango. Tsoron hukuma ne makaminsa.

Dogon zango kuwa yana da matsala ɗaya: fashi abu ne na agogo, jan shi kuma yana sassauta shi. La Casa de Papel na Sifaniya, wanda ya fara a 2017, ya magance wannan a zangon farko da dabara mai kyau. Ɓarayin ba kuɗin da ke ajiye suka zo ɗauka ba, shiga suka yi gidan buga kuɗi don su buga yuro biliyan 2.4 da kansu, saboda haka kowace awa da suka ƙara a ciki riba ce. Jinkirin ya zama shi ne shirin. Da aka ci gaba da ƙara zango, sai soyayya da harbe-harbe suka rinjayi lissafi.

Za a iya yin irin wannan fim a Kannywood?

Za a iya, kuma kuɗi ba su ne babban cikas ba. Reservoir Dogs na 1992 bai nuna fashin ba ko kaɗan. Kusan duk fim ɗin a wani sito aka yi shi, inda waɗanda suka tsira suke zargin juna a kan wanda ya kai rahoto. Ɗaki ɗaya, mutum biyar ko shida, jakar da ba a raba ba, da rubutu mai kyau.

Abin da za a yi la'akari da shi shi ne dokar tacewa. A 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta sanar da hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane, shaye-shaye da ƙwacen waya, saboda halin tsaron da ake ciki. Marubucin da zai taɓa labarin sata dole ya san wannan, ya kuma nemi sanin matsayin hukumar a lokacin da zai fara aiki. Amma marubutan Amurka sun yi shekara talatin da wani abu a ƙarƙashin doka makamanciyar wannan, kuma a cikinta aka yi The Asphalt Jungle da The Killing. Hanyar da suka bi a buɗe take: a rage nuna yadda ake fasa ƙofa, a ƙara nuna yaron shagon da ya shekara goma yana riƙe da makullin maigidansa ba a sallame shi ba, da abokin da ya zo masa da shawara, da daren da za a zauna rabo kowa yana kallon hannun ɗan'uwansa.